Rabin Kan Daliget

Ku yaran yanzu, da zarar ɗayanku ya sayi injin aski mai caji a kasuwar Utaibiyya, sai ya ɗauki hoto ya sa a waya, wai shi wanzami. Sannu, Sarkin Aska! Injin da ko akuya aka ɗaura wa shi a ƙafa za ta yi saisaye. Ku matso ku ji daga bakin Isyaku Wanzam na Tandabawi, mutumin da in aka tara gashin da ya sauke daga kan alhazai a garin nan na Makka, za a yi wa kowane ɗan Najeriya katifa, a yi wa mutanen Nijar matashin kai da ragowar.

Ni ban gaji aski ba. Ubana manomi ne a Rafin Kanya, can ƙasar Kano. Da na zo aikin hajji na ƙi komawa, na zama takari, mazaunin Makka marar iƙama, wato takardar izinin zama, sai na faɗa hannun Baba Mato, wani tsohon wanzami mutumin Damagaram da ke zaune a kan dutsen Nakkasa kafin a rushe wajen. Baba Mato bai bar ni na taɓa kan ɗan Adam ba sai da na gama da kankana. Zai jiƙa ta, ya shafa mata sabulu, ya miƙo mini aska ya ce, "Aske mini alhajin nan." In ka kwashe kumfar ba ka taɓa ɓawon ba, ka tsira. In ka yi mata ko ƙwarzane, to ka yanki alhaji, kuma sai ka shanye ta tas a gabansa don ka ji a jikinka. A shekarar farko na sha kankanar da in na yi tari sai 'ya'yanta su faɗo.

Kayan aikinmu a nan ba a zabira suke ba irin ta wanzaman gida. Wanda ya rataya zabira a Makka ya rataya wa kansa tikitin jirgi. A ledar dabino nake zuba nawa, askar da ake sa wa reza, kwalin sababbin reza, 'yar kwalbar fesa ruwa, gutsuren alif na tsayar da jini, da wata ledar ta kwashe gashi. Reza a gaban mai kai ake ɓare ta, ya gani da idonsa, kai ɗaya reza ɗaya. Ka jiƙa gashi sosai, ka fara daga dama da bisimilla, ka ja fata da babban yatsa, ka kwantar da aska, kada ka tsayar da ita kamar mai sassabe. Kan mai umara ba irin kan ɗan gayu ba ne a shago mai sanyi. Kai ne da rana ta gasa, gumi ya jiƙa, mai shi ya yi ɗawafi ya yi Safa da Marwa, yana gyangyaɗi a hannunka. Ga ƙuraje, ga tsohon tabon ƙaho, ga ƙeyar masu kuɗi mai ninki-ninki, wadda sai ka riƙa buɗawa kana leƙawa kamar mai laluben aljihun babbar riga.

Kuma ku san nauyin abin da kuke wasa da shi. Mai umara, duk wahalar da ya sha, bai fita daga harami ba sai an sauke gashin nan. Kafin nan ba riga, ba wando, ba hula, ba turare, ba faɗa. Malamanmu na gida kuma sun ce kai duka ake yi, rabi ba ya fitar da mutum. Ƙofar fita dai a hannun wanzami take.

Shaguna masu lasisi suna nan cike da gari, amma manyan mutanenmu ba sa son layi. Sun fi son a same su a ɗaki a otal, ana aski ana Hausa. A nan abincinmu yake, a nan kuma ƙarshen zamanmu yake. A barandar otal aka kama Baba Mato da aska a aljihu. Mai gadi ya kira shurɗa, 'yan sandan ƙasar nan, aka wuce da shi gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, aka ɗauki zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi. Wanda aka yi wa haka ya yi sallama da Makka. Ni kuwa ina da matata Hajara da 'ya'yan da aka haifa a nan, waɗanda in ka ce musu Rafin Kanya sai su ce, "Esh hada, Baba? Mene ne shi? Abinci ne?"

Muguwar shekara ita ce ta annoba, da aka rufe Harami. Ba alhaji, ba mai umara, ba kai. Na yi wa duk maƙwabtana aski har suka fara kulle ƙofa in sun ji takuna. Daga baya kuliyoyin unguwa na fara yi wa kallon sana'a, su ma suka gane suka ƙaura. Zaman banzan nan ne ya tayar mini da tsohuwar cutata, wato siyasa.

Cutar gado ce. Ubana ɗan siyasar talakawa ne na gidi, har ɗaure shi aka taɓa yi don ya hau kan turmi ranar kasuwa ya ce taki na manomi ne, ba na mai babbar riga ba. Kafin na bar gida ba zaɓen da ban bi layinsa ba, rana na dukan ƙeyata. Amma abin da na gane shi ne, ranar babban zaɓe tuwo kwano biyu ake ajiye maka, duka daga tukunya ɗaya, a ce wai ka zaɓa. Wajen girkin shi ne zaɓen fidda gwani, can kuwa ba a gayyatar irina. Daliget ne ke shiga, 'yan tsirarun wakilan jam'iyya, a rufe ƙofa, su fito mana da wanda za mu yi ta tsine wa shekara huɗu. Duk mutumin kirkin da na taɓa so, a wannan madafin aka ƙone shi.

A zaman annobar ne na ci karo da maganganun wani mai neman takarar shugaban ƙasa, ba zan faɗi sunansa ba, Dakta muke ce masa. Mutumin nan in ya fara zancen asibitin ƙauye da makarantar 'ya'yan talakawa, sai in ji kamar ubana ne aka sa wa tabarau. Daga nan ba ni da damar jefa ƙuri'a, sai na koma jefa waya. Na kira dangi kaf, har kurman gidanmu sai da na sa aka kara masa waya a kunne.

To, aikin da nake so ku ji, a goman ƙarshe na wani azumi aka yi shi, bayan an buɗe umara, zaɓen fidda gwani ya ƙarato. Lokacin nan ne 'yan siyasarmu ke cika Makka, har ka rasa ko ibada aka zo ko babban taro. Da hantsi aka kira ni wani dogon otal kusa da Harami. Na shiga ta ƙofar masu wanki da ledata, kamar mai kawo saƙo. Wanda ya tare ni wani siririn mutum ne mai waya uku, Bala Furotokol, yaron babban ɗan takarar da kowa ke kira Oga.

"Wanzam, hannunka da sauri?"

"Ranka ya daɗe, ni ne na taɓa aske mutum yana cikin atishawa, kafin ya ce alhamdu lillahi na gama."

"Ban son surutu. Kafin azahar kowa ya zama ya sa kaya."

Ɗakin cike yake da daliget, duk a cikin harami, wasu a kan gado, wasu a ƙasa, leɓuna sun bushe da azumi. Na shimfiɗa leda, na ja kujera, na fara. Shi wanzami kamar bango yake, ana magana a gabansa ba a ganinsa. Kafin in gama kai na biyu na ji komai. Oga ne ya biya musu umarar. Da an gama aski za su sa kaya su hau bene na ƙarshe, inda taga ke kallon Ka'aba, kowa ya ɗaga hannu ya rantse ƙuri'arsa ta Oga ce. Da an yi azahar Oga zai wuce Jidda. Na haɗiye abin da na haɗiye, na ci gaba da aikina. Ko ɗigon jini ban fitar wa kowa ba, ko da yake akwai ƙeyar da na daɗe ina kallo.

Na ƙarshensu ya fito daga banɗaki yana gyara mayafin haraminsa, wani ƙaton mutum mai tumbi. Ya tsaya ya ƙura mini ido.

"Wa nake gani kamar bawana Isyaku?"

"Bawan wa? Zauna, ɗan gwaggo. Yau ga kanka a hannun ubangidanka."

Sule ne, ɗan ƙanwar ubana, taubashina, wanda rabona da shi tun yana sirit kamar karan dawa. Ashe shi ne daliget na ƙaramar hukumarmu. Kun san tsakanin taubasai ba abin da ba a faɗa. Muka gaisa, muka tambayi na raye da na mace, ya zauna. Na ɓare reza, na jiƙa kan, na yi bisimilla. Na sauke ɓangaren dama tas, daga goshi har ƙeya, yana ƙyalli kamar sabon kwano. Hagu kuwa na nan da gashinta cunkus. Sai na goge askar, na naɗe ta, na koma bakin gado na zauna.

"Lafiya? Reza ce ta ƙare?"

"Reza na nan. Tambaya ce ta taso. Sule, wa za ka zaɓa?"

Sule ya shafa rabin kansa.

"Kai dai ba ka girma. Ƙarasa mini tukuna."

"In na ƙarasa ka zura babbar riga, ka koma Alhaji Sule, ko hakimi ba ya tsayar da kai. Yanzu kuwa ƙyalle biyu ne a jikinka kamar gawa, ga azumi a bakinka, ga Ɗakin Allah can. Ba ka da damar zagina, ba ka da damar yi mini ƙarya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa samun daliget a wannan hali ba, kuma ba na jin zan ƙara samu."

Wasu suka yi dariyar da ba ta wuce maƙogwaro ba. Ni kuwa bakina ya riga ya tsinke. Na ce masa asibitin Rafin Kanya yanzu awaki ne ke haihuwa a ɗakin haihuwa, su kaɗai ke samun gado. Na ce hanyar garinmu in mota ta faɗa rami sai an yi wa direba kiran salla kafin ya gane inda sama take. Na ce, "Kai ne fa kake kai wa kawunka fura lokacin da aka ɗaure shi a kan taki. Yau kai ne za ka hau bene ka rantse wa masu sayar da takin? Ga Dakta, mutum ɗaya tak da ke maganar talaka, ƙuri'arka ɗaya ta fi ta mutanen garinmu duka, mu da muke bin layi."

Ana haka Bala Furotokol ya turo ƙofa.

"Me ake jira? Oga ya... Inna lillahi! Mene ne wannan a kan Alhaji?"

"Rabi ne," in ji ni. "Sauran na zuwa in an amsa mini tambaya."

Wani dattijo cikin daliget ɗin, Alhaji Ɗanladi, ya ce, "Bala, bi a hankali, wasan taubasai ne."

"Ni ban san taubashi ba, lokaci na sani. Kai, wanzam, ina iƙamarka?"

Na kawar da kai. Ya gane. Ya taka ya ɗauki wayar ɗakin, ya riƙe ta a sama yadda zan gani.

"Ka tashi ka ƙarasa, ko in kira ƙasa."

Jama'a, na san abin da ke ƙasa. Na san ƙofar da aka fitar da Baba Mato. Ƙafafuna suka ce mu gudu, hannuna ya ce mu ƙarasa, amma bakina, wannan ɗan banzan da ya gaji ubana, ya ce, "Sai ya amsa."

Bala ya danna. Da guntun Larabcinsa ya gaya musu akwai wanzami marar takarda a ɗaki kaza, su turo mai gadi. Ya kife wayar.

Sai a lokacin Sule ya yi magana, a hankali, bai ko juyo ba.

"Isyaku, gaskiya kake so a cikin harami? To ji. Gonar fadama na jinginar kafin na zama daliget. Shekara huɗu ba wanda ya san ƙofar gidana sai wannan watan. Wannan ke nan. Shi kuma Daktan naka da kake neman a raba ka da 'ya'yanka saboda shi, yana sama. Tare muka yi ɗawafi da asuba, yana bayan Oga kamar jela. Ya janye. An yi maslaha, an yi masa alkawarin minista, sai an koma gida za a sanar."

Na dubi Alhaji Ɗanladi. Ya sunkuyar da kai. Na dubi sauran, kowa na kallon yatsun ƙafarsa. Ban taɓa sanin aska na da nauyi ba sai ranar.

Daga can ƙarshen baranda muka ji ƙararrawar lif. Hanyar fita ɗaya ce, kuma ta nan suke tahowa.

Sule ya miƙe zumbur. Ban san mai tumbi na da irin wannan zafin nama ba. Ya fizge jallabiyata ta kai, ya cusa ta ƙarƙashin gado tare da ledar kayana, ya danna ni a kujera, ya yafa mini babban farin tawul na otal a kafaɗa, wani ya ɗaura mini wani a ƙugu. Allah shaida ban yi niyyar komai ba, tawul ne kawai. Sannan ya juya wajen Bala.

"Bala, buɗe kunnenka. In ka nuna shi ko da haɓa ne, ba na hawa sama."

"Mu ma haka," in ji Alhaji Ɗanladi.

"Sai ka je ka gaya wa Oga ka zubar masa da ƙuri'un ɗaki guda a kan rabin kai," in ji Sule.

Ya karɓe askar daga hannuna. Na ce masa cikin raɗa, "Sauya reza, ɗan nema, kai ɗaya reza ɗaya!" Ya sauya. "Jiƙa gashin!" Bai kai ga jiƙawa ba aka ƙwanƙwasa.

Mai gadi ne, dogo, da rediyon hannu a ƙugu. Ya tsaya bakin ƙofa ya ƙare wa ɗakin kallo.

"Fen al-hallag?" Wato ina wanzamin.

"Mafi hallag, ya shek," in ji Sule, wai babu wanzami. Ya nuna rabin kansa, ya nuna nawa. "Haji, haji. Shi rabi, ni rabi."

Alhazai su yi wa juna aski ba baƙon abu ba ne a garin nan. Amma mutumin bai tafi ba. Ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu, yana so ya gani. Dole Sule ya fara.

Yara, ku da kuke cewa aski ba wuya. Sule ya tsayar da aska a tsaye a kan busasshen gashi, ya ja kamar mai kankare ƙanzo. Na ji ta tun daga tsakar kaina har babban yatsan ƙafata. Ja na biyu, na ji ɗumi na gangarowa bayan kunne. Kuma ba damar in yi ihu, don na daɗe a Makka har zafi ma da Larabcin Makka yake fito mini, kalma ɗaya in ta kuɓuce, mutumin zai san ba jiya na sauka daga jirgi ba. Na cije leɓe, na ƙura wa bango ido kamar baƙauyen da bai taɓa ganin labule ba. A kujerar nan na ga matsayina a ƙasarmu sarai, kai nawa, jini nawa, aska a hannun daliget, kuma in ina son zaman lafiya sai in yi shiru.

Mai gadin ya matso har ina jin ƙamshin turarensa. Ya sunkuyo ya tambaye ni da Larabci daga ina nake, yaushe na zo, ina fasfona. Na ji kowace kalma har da waƙafinta. Na washe baki na ce, "Na'am? Najeriya. Alhamdu lillahi. Najeriya."

Ya miƙe ya juya. "Wa ya kira?"

Duk ɗakin aka zuba wa Bala ido. Ɗaya daga cikin wayoyinsa ta fara ruri a aljihu, kowa ya san daga wane bene ake kira. Ya dube ni, ya dubi Sule. Sule ya ɗaga askar daga kaina ya tsaya cak, yana jiransa.

"Galat," in ji Bala da ƙyar. "Kuskure ne. Na ɗauka baƙo ne, ashe ɗan tawagarmu ne."

Mai gadin ya sake duban kaina, ya yamutsa fuska kamar ya ga haɗarin mota. Ya ce wa Sule da Larabci, "Haram alaik, ya haj. Ka ji tsoron Allah, ka kai bawan Allahn nan wajen wanzamin gaske." Ya ja ƙofa ya tafi.

Ba wanda ya yi motsi sai da muka ji lif ya rufe. Sannan Sule ya zube a bakin gado yana haki. Na tashi, na jawo ledata, na goga alif a inda hannuna ya kai, sauran na bar wa Allah. Na nuna masa kujera.

"Zauna."

Ya dubi askar, ya dubi jinin da ke bin girata.

"Isyaku, kawu fa na kallonka daga kabari."

"Zauna, ɗan gwaggo, azahar ta kusa."

Ya zauna, wuyansa ya sandare. Daliget duk suka matso suna jiran ramuwa. Na ɓare sabuwar reza a gaban idonsa, na jiƙa hagun, na ja fata da babban yatsa. Ido ɗaya nake gani da shi, ɗayan jini ya rufe, amma na sauke gashin nan har cikin ninkin ƙeya, ko ƙwarzanen da Baba Mato zai sa ni shan kankana babu. Na goge masa, na ce, "Allah ya karɓa. Ka fita."

Ya shafa kan da hannu biyu, ya shiga ciki, ya fito cikin shadda da hula yana ƙamshi, Alhaji Sule sak. Bala ya tasa su gaba kamar garke. A bakin ƙofa Sule ya tsaya, ya bar sauran suka wuce.

"Zan hau fa."

"Na sani."

Ya juya zai tafi, sannan ya ce, "Af, na manta. Dakta ma bai yi aski ba, tun safe yake cigiyar wanzami. In ce ka hau?"

Na naɗe askar, na miƙa masa.

"Ka yi masa da kanka. Ai na ga hannunka."